ƘWAN DA KE TIREN ƘASA
Shafi na 23

Na ga saƙonninku. Masu cewa na yi shiru kwana uku, ƙafa ce ta motsa, kuma ƙafar nan likita biyu suka ce a yanke ta, ga shi har yau da ita nake takawa. Mai tambayar ina tsohon da bai taɓa zama a aji ba ya san zancen baƙin allo, a gabana aka yi irinsa, kunnena kuwa ba ya zubar da abin da ya ɗauka. Ku matso mu ɗora.

Kwana tara ke nan da aka kai Injiniya makwancinsa. Masu gaisuwa sun ja baya, an naɗe tabarmi. Ba abin da ake ji a gidan sai gurnanin injin ƙyanƙyasar da ya ƙera da tsohon firji, yana can ɗakin baya da ƙwai ɗari uku a cikinsa.

Injin nan bai kai ga samun maɓalli ko ɗaya ba. Ƙofarsa da juyin tirensa duk da kwamfutar Injiniya ake ba su umarni, kwamfutar kuwa tana bayansa a jaka ranar da mota ta kwashe shi a kan babur, ba ta sake moruwa ba.

Mai Kaji, uban marigayi, yana tsaye bakin ƙofa ya harɗe hannu a baya. Surukarsa Malama tana kan benci, tabulet ɗinta na makaranta a cinya, ta soka masa filash ɗin da ta samo a aljihun teburin mijinta. Wayarta tana gefe a sifika. Dogo ne a kai, abokin aikin Injiniya, yana magana daga inda yake aiki, tafiyar yini guda.

Agogon bango ya nuna uku da minti biyar.

"Kin buɗe baƙin allon da na sa kika sauke jiya?" in ji Dogo.

"Na buɗe. Ba komai sai wata 'yar alama tana ƙiftawa."

"Haka yake. Ba hoto, ba abin taɓawa. Rubuta masa za ki yi, ya ba ki amsa. Kin shiga cikin filash ɗin?"

"Na shiga. Ga fayil ɗin, ya sa masa suna kyankyasa."

"Rubuta ɗigo, karkatacciyar sanda, sai sunan. Ki danna enta."

Ta rubuta da yatsa ɗaya. Allon ya amsa nan take.

Permission denied

"Wai ba ni da izini."

Mai Kaji ya yi tsaki daga bakin ƙofa.

"Izinin wa? Kayan mijinki, a gidan uban mijinki, wane ne zai ba ki izini?"

"Baba, ashe kana nan," in ji Dogo. "Ina wuni."

"Ina zan je. Lafiya."

"Tabulet ba ya yarda a kunna abu daga kan filash, Baba. Sai an ɗauko shi an shigo da shi ɗakin baƙin allon. Malama, kwafo shi gida kamar yadda na nuna miki, sannan ki rubuta chmod, alamar tarawa da ekis, sai sunan."

Ta yi. Ta sake kiran fayil ɗin. Wannan karon layin ya fi tsawo, ta karanto ƙarshensa a hankali.

Exec format error

Dogo ya yi shiru.

Mai Kaji ya san irin shirun nan. Ya ji shi a bakin likitan dabbobi shekarar da annoba ta share masa kaji ɗari bakwai cikin mako guda, ya tashi da kaza ɗaya da zakara ɗaya ya sake cika gida. Ya ji shi kuma a bakin wanda ya bugo masa waya kwana tara da suka wuce.

"Rubuta uname, tazara, gajeren layi da em," in ji Dogo.

"Ya ce aarch sittin da huɗu."

"Abin da nake gudu ke nan."

"Yi mana magana irin ta mutane," in ji Mai Kaji.

"Baba, ƙwaƙwalwar kwamfutarsa daban, ta tabulet daban. Fayil ɗin nan don waccan aka haɗa shi. Wannan ba ta jin yarensa."

"Ni na sa kaza ta kwanta kan ƙwan zabo, ta kwanta kan na agwagwa, ta fitar da su lafiya lau. Ba ta tambaye ni yare ba."

"Ai wannan ba ƙwai ba ne, Baba, ɗan tsako ne da ya riga ya fito. In da za mu samu ƙwan, wato asalin rubutun da ya yi da hannunsa, sai mu sa tabulet ya ƙyanƙyashe nasa. Amma ba gaggawa. Yau kwanansu sha shida, sai ranar sha takwas ake tsayar da juyi. Jibi da safe ina nan da kwamfutata, minti biyar an gama."

Malama ta sauke numfashi, ta kai hannu za ta zare filash.

"Bar shi," in ji Mai Kaji.

Ta ɗago.

"Yau za a tsayar da shi. Kafin ƙarfe huɗu."

"Baba, in an tsayar da wuri wasu za su manne a ɓawo," in ji Dogo. "Kai ka fi ni sani."

"Na fi ka sani, shi ya sa na ce yau."

Tunda aka kawo Malama gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba. A durƙushe take gaishe shi, a sunkuye take ajiye masa abinci. Yau ta dube shi kai tsaye, idanunta jajur.

"Baba, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa."

"Faɗi."

"Me ya dame ku da injin nan yau?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ku ne kuka ce firjin banza ne. Ku ne kuka ce ranar da ya fitar da ɗan tsako ɗaya za ku daina kiwo. A gaban masu sayen ƙwai kuka faɗa, suna dariya, yana tsaye da sukudireba a hannu."

"Malama," in ji Dogo a hankali.

"Bar ni, Dogo. Wata biyu yana gaishe su suna amsa wa bango. Yakan shigo ɗaki ya zauna bakin gado, in ce ya ci abinci, ya ce bari Baba ya huce tukuna. Ƙwai ɗari ukun nan su ne abu na ƙarshe da ya taɓa da hannunsa. Yanzu kuma a lalata su don maganarku ta tabbata?"

Ta sa bakin mayafi ta toshe baki.

Ku da ba ku san Mai Kaji ba, mutum ne da ba a mayar masa da magana. Ruwa ya taɓa cin gidansa har rufi, ya kwashe kajinsa a kwando bisa kai ya ratsa da su. Ya binne mata, ya binne 'yan'uwa huɗu, ba wanda ya ga hawayensa. Amma yau maganar yarinyar nan ta same shi inda ba ƙashi.

Don akwai abin da ita ma ba ta sani ba.

Injiniya tun yana ƙarami ba ya faɗa wa ubansa ɗaki. Sai ya tsaya bakin labule ya yi gyaran murya sau biyu, ya jira a ce masa shigo. Safiyar ranar da zai fita ta ƙarshe, ya zo ya tsaya. Ya yi gyaran murya sau biyu. Mai Kaji idonsa biyu, yana ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin labule. Ya juya fuska bango, ya yi kamar barci yake.

Ƙafafun suka daɗe a wurin. Sannan suka juya. Sannan ya ji an tayar da babur.

Mai Kaji ya tako cikin ɗakin, ya ciro 'yar tocila daga aljihu ya miƙa mata.

"Durƙusa ki haska tiren ƙasa."

"Ai ba komai a na ƙasa. Marigayi ya ce ƙwan bai kai ba."

"Haska."

Ta durƙusa gaban gilashin da Injiniya ya yanka wa ƙofar firjin. Tire uku na sama cike da fararen ƙwai, sun karkata gefe guda. Na ƙasa kuwa, can lungu, wasu ƙananan ƙwai ne jajaye-jajaye, irin na kajin gida. Ɗaya ya tsage. A cikin tsagar wani ɗan baki yana motsi.

"Na waye wannan?"

"Na Wake-wake ne."

"Kazar da muzuru ya kashe?"

"Kwana huɗu tana kwanci a kansu. Na fito da asuba na tarar da gashi. Ƙwan da ɗuminsu, sha biyu. Ba wata kaza mai kwanci a gidan. Ranar ce kuma yaron nan ya loda injinsa. Wake-wake ita ce ta ƙarshe a jinin kazar da ta rage mini shekarar annoba. Uwar mijinki ce ta yi jinyar kazar nan da cokali."

"Sai kuka saka su."

"Sai na saka su."

"Ba ku gaya masa ba."

"Da wane bakin? Bakin da ya ce firjin banza?"

Dogo ya yi lissafi a fili. "Sun girmi sauran da kwana huɗu. Yau kwanansu ashirin ke nan. Tun shekaranjiya ya kamata a ce sun daina juyi."

"Shekara hamsin da biyar ban taɓa ɓata lissafin kwanan ƙwai ba," in ji Mai Kaji. "Ko ina kwance asibiti nakan aiko a ce kaza kaza gobe za ta fashe. Wannan karon kwanakin suka cakuɗe mini. Sai ɗazu bayan juyin ƙarfe biyu na zo wucewa na ji kuka."

Wucewa ya ce. Ɗakin baya kuwa ba hanyar ko'ina ba ce.

"Ƙarfe huɗu tiren zai kife ɗaya gefen," in ji Dogo. "Wanda ya fito, ko ya zuro ƙafa, ƙarfen zai matse shi."

"To a cire wayar injin juyin," in ji Malama.

"Ba ya yiwuwa. Ya haɗa shi yadda in juyi ya mutu ba da umarni ba, zafi ma ya ɗauke, don gudun gobara. Ni na ba shi shawarar."

"A ɓalle ƙofar," in ji Mai Kaji. "Kwana biyu da na saka su ya zo ya ɗaura wa ƙofa makullin lantarki. Kamar da ɓarawo a gidan."

"In ka ɓalle ta ba za ta sake rufuwa daidai ba, Baba. Zafi ya tsere, sha biyun su tafi, ɗari ukun su bi su."

Agogo ya nuna uku da ashirin da biyar.

"In mun samu ya yi aiki," Dogo ya ci gaba, "umarnin da na sani tsaya ne, kuma duka yake tsayarwa. Za a cece na Baba, amma cikin ɗari ukun za a yi hasarar wasu. Malama, ke ce da magana."

Mai Kaji bai dube ta ba. Da ya so ya roƙa, amma bai san yadda ake farawa ba.

Ta daɗe tana kallon ɗan bakin da ke ƙwanƙwasar ɓawo. Sannan ta tashi ta koma kan benci, ta ɗauki tabulet.

"Ina ake neman ƙwan nan da kake faɗi?"

"Koma cikin filash. Rubuta el es, tazara, gajeren layi da a. Zai nuno har abin da aka ɓoye."

"Ga wani mai ɗigo a gaba. Tushe."

"Allah Ya ji ƙanka, mutumina," in ji Dogo. "Kullum sai na yi masa faɗa kan ɓoye folda. Kwafo ta gida. Yanzu sai mun sauko da abin da zai haɗa shi. Da data a tabulet ɗin?"

"Akwai."

Ya faɗa mata harafi-harafi, ta rubuta. Rubutu ya fara zuba a allon kamar tururuwa. Can ƙasa wata lamba tana hawa. Kashi goma. Kashi sha bakwai. Ta tsaya.

"Ya tsaya," in ji Mai Kaji. Bai iya karatu ba, amma ya san abu in ya daina motsi.

"Sabis ne, Baba. Ɗakin nan ba ya kamawa sosai."

Ya karɓi tabulet ɗin daga hannunta, abin da bai taɓa yarda ya taɓa ba, ya riƙe shi da hannu biyu kamar tiren ƙwai. Ya fita tsakar gida, ya taka turken da yake hawa in zai gyara rufin akurki, ya ɗaga shi sama iya tsawon hannunsa. Tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu, rana na dukan ƙeyarsa.

"Yana tafiya?"

Malama ta ɗaga kai tana kare ido. "Yana tafiya. Arba'in. Baba ku sauko kar ku faɗi."

"Na faɗo daga kan motar kaya tana gudu ban mutu ba. Karanta."

"Sittin da biyar. Tamanin."

Bai sauke ba sai da ta ce ya cika.

Uku da arba'in da biyu.

"Shiga tushe, ki rubuta make," in ji Dogo. "In ya yi ta surutu kar ki damu, in dai bai ce error ba."

Ya yi surutun, layi bakwai ko takwas, sannan 'yar alamar ta dawo tana ƙiftawa.

"Ya haɗu. Yanzu canza wayifai ki kama na injin. Sunansa firjin banza."

Malama ta saci kallon surukinta.

"Haka ya sa masa?" in ji Mai Kaji.

"Haka ya sa masa, Baba. Ya ce sunan da uba ya raɗa ba a canzawa."

Tsohon ya juya ya dubi bango.

Ta kama wayifai, ta kira fayil ɗin sabo. Layi biyu suka fito, na farko da Hausa: sannu da zuwa. Ta ja numfashi, don har muryar mijinta ta ji a ciki. Na biyun ya tsayar da ita.

"Ya ce ya kasa buɗe wani abu a cikin ti em pi."

Dogo ya buga tebur, suka ji ta waya. "Na manta da wannan. A kwamfuta akwai wani ɗaki da kowa ke ajiye tarkace. Tabulet ba ya barin a shiga nasa. Sai mun canza masa wuri a cikin rubutun. Ƙarfe nawa?"

"Saura minti goma sha ɗaya."

"Buɗe babban fayil ɗin da nano. Nemi inda ya rubuta ti em pi. Duk layin da ya fara da sanda biyu ki tsallake, bayani ne kawai yake wa kansa."

Ta buɗe. Tana jan allon, tana ja, sai yatsarta ta tsaya.

"Kin gani?" in ji Dogo.

Idonta ya kafe a kan allon.

"Malama, lokaci."

"Baba," ta ce, "da sunanku a ciki."

"Ni? Me na yi?"

Ta karanta, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Zafi talatin da bakwai da ɗigo shida. Ba daga littafi na ɗauko ba. Duk ƙwan da Baba ya ɗora a fatar idonsa ya ce ya yi daidai, nakan bi bayansa in auna. Sau goma sha ɗaya na auna, bai taɓa kuskure ba."

Mai Kaji ya dafa bango.

"Ga wani," ta ce. "Makulli. Ba don ɓarawo ba, don Baba ne. In na bar ƙofa a buɗe zai riƙa zuwa sau goma a yini yana taɓa su, zafi ya tsere."

Wata dariya ta kufce wa Dogo, ta ƙare da sheshsheƙa. "Malama, don Allah, ti em pi."

"Ga shi nan, na gani. Amma akwai rubutu a ƙarƙashinsa."

"Gyara tukuna. Goge abin da ke gaban sunan, ki bar sunan kaɗai. Sai ki adana, ki fita, ki sake make."

Ta goge, ta adana, amma kafin ta fita ta karanta na ƙasan. Wannan karon sai da ta tsaya sau biyu.

"Tiren ƙasa. Ƙwan Wake-wake, sha biyu. Baba ya saka su yana sanɗa kamar ba gidansa ba, ina kallonsa ta taga. Na haska su, sun girmi nawa da kwana huɗu. Na raba musu injin juyi nasu daban. Ranar sha huɗu a rubuta tsaya kasa. Kar a nuna masa an sani, sai sun fito."



Mai Kaji ya tuna kwana biyun da yaron ya yi kwance a bayan firjin, ƙafafunsa a waje, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya tuna ya wuce ya ce wa mai kawo dusa, da ƙarfi don a ji, ga shi nan tun ba a je ko'ina ba firjin ya fara lalacewa.

"Ya gan ni," ya ce.

"Ya gan ku, Baba."

"Ya gan ni bai ce komai ba."

"Saura minti huɗu," in ji Dogo. "Ba sai mun taɓa ɗari ukun ba. Make, Malama."

Hawaye na ɗiga kan allon, tana gogewa da mayafi, haruffa suna shiga inda ba ta sa su ba. Ta rubuta ba daidai ba, allon ya ce bai san wannan umarnin ba. Ta goge ta sake. Surutun ya zubo ya tsaya.

"Ɗigo, sanda, kyankyasa, tazara, tsaya, tazara, kasa."

Ta danna enta.

Sannu da zuwa, in ji allon. 'Yar alamar ta yi ta ƙiftawa, ba ta ce komai ba.

Mai Kaji ya zube gwiwa biyu gaban gilashin, tocila a hannu. Tsagar ta faɗaɗa. Wata jiƙaƙƙiyar ƙafa, sirirya kamar tsinken tsintsiya, ta zuro waje ta sauka daidai tsakanin tire da ƙarfen da ke juya shi.

"Mayar da ƙafar," ya ce da ɗan tsakon. "Mayar, ɗan nan. Kakarka ta fi ka wayo."

Wani abu ya yi ƙas a bayan firjin. Tiren ƙasa ya motsa. Malama ta dafe ƙirji. Amma ba kifewa ya yi ba. A hankali, a hankali, ya miƙe ya daidaita kamar an ajiye faranti a ƙasa, ya tsaya.

Dogon hannun agogo ya hau sha biyu.

Injin ya yi gurnani. Tire uku na sama suka karkata ɗaya gefen da ƙwansu ɗari uku. Na ƙasa ko gezau.

"Me ya faru?" in ji Dogo. "Ku yi magana mana."

"Ya tsaya," in ji Malama. "Na ƙasa ya tsaya."

Ɗan tsakon ya yi wata miƙa, ɓawon ya rabe biyu, ya faɗo kan tire a jiƙe yana haki. Da ɗigo-ɗigon baƙi a bayansa, irin na uwarsa. Kusa da shi wani ƙwan ma ya fara tsagewa.

Mai Kaji ya jingina goshi da gilashin. Kafaɗunsa suna rawa. Malama ta kau da kai, don ba a kallon suruki a wannan hali.

"Firjin ya fitar," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Ku shaida. Ku gaya wa masu sayen ƙwai, ni na faɗa da bakina. Ya fitar."

Sai Malama ta lura allon bai koma yadda yake ba. Wani layi ya fito yana jira.

"Dogo, yana tambaya."

"Tambayar me? Tsaya ba ya tambaya."

"Ya rubuta, Baba yana kusa? Sai e, ko a'a."

Dogo ya ce, "Ban san da wannan ba. Bai taɓa nuna mini ba."

"Me zai yi in an ce e?"

"Wallahi ban sani ba, Malama."

Ta dubi allon, ta dubi tsohon da ke durƙushe. Ta sauko daga benci ta durƙusa nesa kaɗan da shi, ta miƙa masa tabulet ɗin da hannu biyu.

"Baba, ku ake tambaya."

Ya share fuska da hannun riga. Ya dubi tarin haruffan, duk iri ɗaya suke a idonsa.

"Nuna mini inda zan taɓa."

Ta nuna masa e, ta nuna masa enta. Ya ɗora ƙaton yatsansa da kaji suka yi shekara hamsin suna sara, ya danna ɗaya, ya danna ɗayan.

A saman firjin akwai wata 'yar lasifika da ba ta taɓa yin komai ba sai ƙarar gargaɗi in ruwa ya ƙare. Ta yi shuu, kamar an buɗe taga.

Sai aka yi gyaran murya.

Aka sake yi.

Sannan shiru, irin na mai jira a bakin labule.

Mai Kaji ya buɗe baki.

"Shigo."